Lissafi nawa ya ishi yaro a babbar sakandare? Zaɓi huɗu ga iyayen Kaduna

Da zarar yaro ya rubuta BECE a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, sai makaranta ta aiko a zaɓa masa aji: kimiyya, at, ko kamashal. Wasu iyayen kuma hankalinsu na kan kwalejin koyon sana'a irin ta Malali. A baki maganar aji ake yi, amma in aka tona, rabin gardamar ta lissafi ce. Yaron da ya ce at yake so, sau da yawa ba Adabi ko Tarihi ne suka burge shi ba, lissafi yake gudu. Uban da ya dage sai kimiyya, shi ma bai cika zama ya gwada ko ɗan nasa ya iya haɗa rabi da sulusi ba. Kuma zaɓin da aka yi a SS1 yana da wuyar warwarewa, domin a SS2 an yi nisa, a SS3 kuwa maganar rajistar WAEC kawai ake yi.

Bari mu fara kawar da wani ruɗani. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta fitar da sabbin sharuɗɗan shiga manyan makarantu. Labarin ya zaga WhatsApp da cewa an soke lissafi, yara suka yi ta tsalle. Abin da aka ce shi ne: mai neman kwas na ɓangaren at a jami'a yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci, ba lallai sai da na lissafi ba, amma kiredit ɗin lissafi yana nan daram ga kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta ce kowane ɗalibi dole ya yi rajistar lissafi ya zauna jarrabawarsa. Ke nan babu yaron da zai tsallake Janar Mas, wato lissafin bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi, ko WAEC zai rubuta, ko NECO, ko NABTEB ta 'yan kwalejin koyon sana'a. Abin da ya rage a hannun iyaye shi ne zurfin da yaro zai yi, da irin lissafin da zai ɗora a kai.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, ƙofofi: wane kwas, wace makaranta, wane aiki zaɓin zai buɗe, wanne zai rufe. Na biyu, kuɗi, kuma ba na rajista kaɗai ba, har da lesin, littattafai, kuɗin mota da asarar shekara in an faɗi. Na uku, wuya, wadda ta rataya a kan abu biyu: tushen yaron da kuma samuwar malami. Na huɗu, daɗewar amfani, wato abin da zai rage a kansa bayan shekara goma da barin makaranta. Na biyar, haɗari: in abin bai tafi daidai ba, ana iya juyowa ko an makara?

A cikin biyar ɗin, tushen yaro shi ne wanda iyaye suka fi yin sakaci da shi, alhali kowa zai iya auna shi a tsakar gida bayan sallar magariba. Ku ba shi takarda da biro, ban da kalkuleta. Rabi a haɗa da sulusi nawa ne? Amsa biyar bisa shida. Kashi 15 cikin ɗari na naira 8,000? Naira 1,200. Wace lamba ce in ka ninka ta sau uku ka ƙara biyar za ta ba da ashirin? Biyar. Ɗebe uku sau ɗebe huɗu? Sha biyu. Yaron da ya amsa waɗannan ba tare da zufa ba, duk zaɓi huɗun a buɗe suke gare shi. Wanda ya ce rabi da sulusi biyu bisa biyar ne, matsalarsa tun daga aji huɗu na firamare take, kuma babu ajin da za a kai shi ya ɓuya mata.

Wannan ba abin a zagi yaro ba ne. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Yaran da ke ƙananan ajujuwan firamare a lokacin su ne ke ƙofar babbar sakandare yanzu. Raunin da kuke gani yana da asali.

Zaɓi na ɗaya: ajin at, Janar Mas kaɗai

Wannan shi ne mafi ƙarancin lissafin da doka ta yarda da shi, amma kada kalmar ƙaranci ta ruɗe ku. Manhajar Janar Mas ɗaya ce ga ɗan at da ɗan kimiyya: aljebra, logaridim, ma'aunin fili da na jiki, kusurwoyi da da'ira, tirigonometiri, ƙididdiga, lissafin yiwuwa, ribar kuɗi, har da ɗanɗanon kalkulas. A WAEC takarda biyu ce: tambayoyin zaɓi 50, sannan na rubutu 13 a amsa 10. Ɗan at ba a rage masa ko ɗaya.

Ta fuskar kuɗi shi ya fi sauƙi. Littafi ɗaya na kowace shekara, mas set, kalkuleta, da littafin tsofaffin tambayoyi. Ƙofofinsa su ne lauya, Turanci, Hausa, Larabci, Tarihi, ilimin addini, wasan kwaikwayo da makamantansu, kuma a JAMB babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman a rubuta lissafi.

Inda ake yin tuya a manta da albasa shi ne nan: yawancin yaran ajin at ba waɗannan kwasa-kwasai suke cikewa ba. Kimiyyar siyasa suke so, ko nazarin zamantakewa, ko sha'anin mulki, ko hulɗar ƙasa da ƙasa. Waɗannan ba at ba ne a lissafin jami'a, kuma sassaucin 2025 bai shafi kimiyyar zamantakewa ba. Yaro ya saki lissafi tun SS1 saboda an ce an soke, ya fito da D7 ko E8, sai ranar tantancewa a ABU ko KASU a ce masa kwas ɗin da ya zaɓa yana neman aƙalla C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit. Ga kuma NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, da ke nan bakin ƙofarmu, wadda sharaɗinta da aka saba gani shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Haka ɗaukar kuratan 'yan sanda. Kuma kowace jami'a tana da majalisarta da ke tsara sharuɗɗan sassanta, don haka sanarwar Abuja ba ta ɗauke wa uba nauyin karanta ƙasidar JAMB da tallar makarantar da ake so ba.

Game da daɗewar amfani, ni ina ganin Janar Mas, in an koye shi da gaske, ya fi kowane darasi a sakandare bin mutum har tsufa. Ɗauki lauya ko alƙalin kotun shari'a da aka kawo wa rabon gado: mamaci ya bar naira 2,400,000, da mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, babu iyaye. Matar tana da tumuni, naira 300,000. Ragowar 2,100,000 a kasa biyar, kowane kaso 420,000. Kowane namiji ya ɗauki 840,000, macen 420,000. Lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne, amma gidaje nawa suka watse saboda shi? Zakka ɗaya bisa arba'in ce. Bashin manhajar waya mai ruwan kashi 10 a wata, in aka bar shi yana hawa kan kansa shekara guda, naira 100,000 za ta haura 313,000. Mai karatun Larabci da ke rubuta jarrabawar NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, da ɗan jarida, da malamar Hausa, duk za su ci karo da irin wannan.

Haɗarinsa ba a manhaja yake ba, a yanayin aji yake. A makarantu da dama ajin at ne ake tara waɗanda aka yanke wa ƙauna a lissafi, malami ya shigo da sanyin jiki, yara su karɓe shi da sanyin jiki. Idan za ku kai yaro at, ku kai shi don yana son karatu da rubutu, kuma ku riƙe C6 a lissafi a matsayin abin da ba a ciniki a kansa.

Zaɓi na biyu: Janar Mas tare da darussan da ke cin lissafi

A nan na haɗa rukuni biyu, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. Akwai ɗan kamashal mai ɗaukar Akawu, Kasuwanci da Tattalin Arziki. Akwai kuma ɗan kimiyya mai Fiziks, Kemistiri da Bayoloji wanda bai ɗauki Foda Mas, wato darasin ƙarin lissafi mai zurfi, ba. Dukansu lissafi ɗaya suke rubutawa a takarda, amma kullum suna amfani da shi a wasu darussan, shi ya sa yake zama a kansu fiye da na ɗan at.

Ga ɗan kamashal, kiredit a lissafi wajibi ne, kuma zai sake haɗuwa da shi a JAMB, domin Akanta da Tattalin Arziki duk suna neman lissafi cikin darussa huɗu. JAMB tambaya 40 take yi a lissafi, cikin tambayoyi 180 na awa biyu gaba ɗaya, a kwamfuta. Wannan jarrabawar sauri ce. Yaron da ya san hanya amma yake ƙirga sau bakwai da yatsu ba zai gama ba. Wani abin lura: Tattalin Arziki na jami'a ba irin na sakandare ba ne. Tun shekarun farko ake shiga kalkulas da ƙididdiga, kuma da yawa daga masu zaɓarsa ba wanda ya gaya musu.

Ga mai son likitanci, harhaɗa magunguna ko aikin jinya, a JAMB Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji zai rubuta, babu lissafi. Amma kiredit ɗinsa na WAEC ko NECO dole ne, kuma jami'o'i da dama suna son sakamakon likitanci a zama ɗaya, ba haɗe-haɗe ba. Makarantun jinya su ma biyar ɗin nan suke nema: Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Lissafin da nas ke yi a bakin gado ba mai zurfi ba ne, na gwargwado ne: an rubuta miligiram kaza ga kowane kilo na nauyin yaro, maganin ruwa yana da miligiram kaza a cikin mililita biyar, nawa za a ɗiba. Ba ya buƙatar Foda Mas, amma kuskure a cikinsa rai ne.

Kuɗin wannan zaɓi matsakaici ne. Ɗan kimiyya yana da kuɗin gwaje-gwaje, kuma yawanci shi aka fi nema wa lesin. Haɗarinsa kaɗan ne, domin ya fi kowane zaɓi barin hanyar komawa: ɗan kimiyya mai kiredit a lissafi da Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa yana iya karkata zuwa wasu kwasa-kwasan zamantakewa, amma ɗan at ba ya tsallakowa kimiyya.

Zaɓi na uku: a ƙara da Foda Mas

Nan ne aka fi yin gardama, kuma nan ne iyaye suka fi yanke hukunci da jin-ta-jin-ta.

Ga abin da ke ciki. Foda Mas kashi uku ne: tsantsar lissafi, wanda ya ƙunshi kalkulas mai zurfi, matiris, jerin lambobi da lissafin layi da da'ira a kan jadawali, sai ƙididdiga da lissafin yiwuwa, sai bekta da lissafin motsi da ƙarfi, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Fiziks. A WAEC akwai tambayoyin zaɓi 40, sannan takardar rubutu mai tambayoyi takwas na dole da wasu na zaɓi da ke tilasta wa ɗalibi taɓa kowane kashi. Ba a iya haddace ɓangare ɗaya a tsira.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: JAMB ba ta da darasin Foda Mas. Mai neman injiniya Turanci, lissafi, Fiziks da Kemistiri zai rubuta. Mafi yawan sassan injiniya da na kwamfuta ba sa gindaya shi a matsayin sharaɗin shiga. Wato yaro zai iya samun gurbin injiniyan lantarki a ABU, ko AFIT ta sojan sama, ko Kadpoly, bai taɓa shiga ajin Foda Mas ba. To me ya sa za a wahala?

Saboda amfaninsa ba a bakin ƙofa yake ba, a cikin ɗaki yake. Lissafin shekarar farko na jami'a ga 'yan kimiyya da injiniya, wato aljebra, tirigonometiri, kalkulas da bekta, kusan shi ne manhajar Foda Mas, sai dai abin da aka shimfiɗa a shekara uku a sakandare, a jami'a zangon karatu biyu ake ba shi, a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, malami na rubutu yana gogewa. Wanda ya yi Foda Mas bita yake yi. Wanda bai yi ba yana jin sabon yare ne a karon farko, ga neman ɗakin kwana, ga layin rajista. Kari-oba na farko, wato darasin da aka faɗi sai an maimaita shi, wanda ke ja wa ɗalibin injiniya baya, sau da yawa daga nan yake fitowa, kuma makin shekarar farko yana bin mutum har ranar da zai karɓi digiri. Amfani na biyu ya fi kusa: lissafin JAMB yana da kalkulas da matiris, kuma ɗan Foda Mas yana ganin su kamar tambayoyin aji ɗaya. Janar Mas ɗinsa ma yakan tashi daga C zuwa B ko A, don ya saba da abin da ya fi shi nauyi.

Kuɗi fa? Rajistar WAEC ta ɗalibi ce ba ta darasi ba. A 2024 hukumar naira 27,000 ta sa, ko darussa takwas ka cike ko tara, ban da abin da makarantu ke ɗorawa. Saboda haka Foda Mas ba ya ƙara kuɗin jarrabawa. Abin da yake ci shi ne gurbi. A tsarin da aka daɗe ana bi, Turanci, lissafi, darasin zama ɗan ƙasa da na sana'a sun ɗauki huɗu, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji sun ɗauki uku, saura ɗaya ko biyu. A kansu Foda Mas zai yi takara da ilimin addini, Hausa, Noma, Labarin Ƙasa da zanen injiniya. A gidaje da yawa a Tudun Wada ko Rigasa uba ba zai yarda a ajiye darasin addini ba, kuma yana da hujjarsa. Sai a zauna a duba me Islamiyya ke ba yaron, me makarantar boko za ta ƙara masa. Kuɗin gaske kuwa na malami ne. Mai lesin Foda Mas ya fi na Janar Mas tsada saboda ƙarancinsu, kuma in gidanku na Mando malamin na Barnawa, kuɗin mota ma wani abu ne.

Malami shi ne gaba ɗayan maganar. Makarantu da yawa, na gwamnati da masu zaman kansu, suna da Foda Mas a jadawali amma babu shi a aji. Wani wurin ɗan bautar ƙasa ne ke riƙe da shi, ya gama shekararsa ya tafi, darasin ya mutu sai an turo wani. Kafin ku amince, kada ku tsaya ga maganar furinsifal. Ku nemi ganin littafin rubutun wani ɗan SS2. In kun ga an cika shafuka da aiki, da jan biro na malami, har an shiga kalkulas da bekta, darasin na raye. In shafi goma ne tun farkon zango, suna kawai ake yi. Ku kuma tambaya yara nawa suka rubuta shi a WAEC bara. Aji ya fara da mutum arba'in a SS1 ya ƙare da shida, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma in ba wanda ya rubuta, kun samu amsa.

Haɗarinsa iri biyu ne. F9 a Foda Mas ba ya hana shiga jami'a muddin kiredit biyar da ake nema sun cika, sai dai ya ɓata fuskar takarda. Babban haɗarin shi ne yaro mai raunin tushe ya raba ƙarfinsa biyu, ya rasa Foda Mas, ya kuma jawo Janar Mas ƙasa da C6. Wannan asarar shekara ce: sabuwar rajista, sabon fom na JAMB, wanda a 2025 ya kai naira 7,200 ban da na gwaji, da zaman gida. Sauƙin abin shi ne ana iya ajiye Foda Mas kafin rajistar SS3 ba tare da an rasa komai ba, har ma an ci riba. Shiga cikinsa a SS2 ne ke da wuya. Don haka ga yaron da ke kan iyaka, gara ya fara ya gani da ya ƙi ya dawo yana nema.

Zaɓi na huɗu: kwalejin koyon sana'a

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Hedikwatar NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha a ƙasar nan, a garin nan take. Kadpoly ta samo asali ne daga makarantar koyon fasaha da aka buɗe a 1956. Akwai kwalejin fasaha ta jiha a Malali, akwai ta tarayya a Kafanchan, ga kasuwar Panteka da ta horar da masu walda, kafintoci da makanikai fiye da yadda za a ƙirga. Duk da haka iyaye da yawa suna kallon teknikal a matsayin wurin da ake kai wanda ya kasa.

Wanda ya kai yaro can don ya huta da lissafi ya yi kuskuren adireshi. Ɗalibin teknikal yana rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, kuma lissafi na cikin darussan dole, ga zanen injiniya, ga lissafin sana'ar kanta. Bambancin shi ne yana ganin abin da yake lissafawa. Mai koyon gini yana fitar da kusurwar ɗaki da awo uku, huɗu, biyar, wanda shi ne ka'idar Fitagoras da ake haddacewa a aji. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.6 yana cin tayil 90 masu santimita 40 kowane gefe, kafin a ƙara na yanka da fashewa. Mai haɗa sola ya san batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, in kuma rabi kawai za a ja don kada ya mutu da wuri, fanka mai wat 60 za ta yi wajen awa 20. Akwai yaran da allo ba ya shigar musu da lissafi amma tef ɗin awo yana shigar musu, kuma ba su fi kowa rashin ƙwaƙwalwa ba.

Takardar NABTEB tana shiga foli, wato kwaleji irin Kadpoly, da jami'a ta hanyar JAMB, in darussan da kwas ɗin ke nema sun cika. Ta fi dacewa da foli, inda yaron teknikal kan fi abokansa sakewa a bita da zane. A injiniyan jami'a kuwa zai ji irin nauyin da wanda bai yi Foda Mas ba ke ji. Kuɗin makaranta ta gwamnati ba shi da yawa, amma akwai allon zane, kayan aiki, rigar bita da takalmi. Ta fuskar daɗewa, shi ne zaɓin da ke fara mayar da kuɗi tun kafin a gama. Haɗarinsa biyu: bita da babu injin da ke aiki ko babu wuta, da kuma rufe ƙofar likitanci da lauya kusan gaba ɗaya. Ku je ku ga bitar da idonku ranar karatu, ba ranar taron iyaye ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Ƙofofin da yake buɗewa | Kuɗi | Wuya | Daɗewar amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| At, Janar Mas kaɗai | Lauya, harsuna, Tarihi, addini. Da kiredit, har zamantakewa | Kaɗan | Daidai, in ba a sake shi ba | Mai yawa a harkar yau da kullum | A raina shi a fito da D7 |
| Kamashal ko kimiyya, Janar Mas | Akanta, Tattalin Arziki, likitanci, jinya, injiniya | Matsakaici | Matsakaiciya | Mai yawa | Girgizar shekarar farko a injiniya da Tattalin Arziki |
| Kimiyya da Foda Mas | Kusan iri ɗaya da na sama, amma da shiri | Mai yawa in sai an ɗauki mai lesin | Mai yawa | Sosai ga injiniya da kwamfuta, kaɗan ga saura | Rashin malami. Raba ƙarfin yaro mai rauni |
| Teknikal | Foli, sana'a, wasu sassan injiniya | Kaɗan, sai kayan aiki | Matsakaiciya, a aikace | Sosai, kuma da wuri | Bita mara kayan aiki. Wuyar sauya fanni |

Wata hanya da ban sa a jadawali ba ita ce cibiyar da ake biya a rubuta wa yaro amsa a allo. A1 ɗin da aka saya a can ba ya bin yaro cikin ɗakin kwamfutar JAMB, kuma WAEC tana riƙe sakamakon cibiyoyin da ta zarga, wani lokaci har da na yaran da ba su ji ba su gani ba.

Wa ya dace da wanne

Yaron da ya amsa tambayoyin nan huɗu cikin sauƙi, yana maganar injiniya, kwamfuta, Fiziks, tuƙin jirgi a Zariya ko ƙididdiga, kuma makarantarsa na da tsayayyen malami: ya ɗauki Foda Mas tun ranar farko ta SS1. In babu malami kuma babu halin lesin, ya riƙe Janar Mas da Fiziks da kyau, sannan ya yi amfani da watannin da ke tsakanin gama WAEC da shiga jami'a ya koyi kalkulas da bekta, ko wajen wani ɗalibin jami'a na unguwa, ko ta bidiyon intanet. Wanda ya bi ta IJMB, shirin share fage da ABU ke kula da shi, zai haɗu da wannan lissafin a can.

Yarinyar da ta sa likitanci ko jinya a gaba: Janar Mas mai ƙarfi ya ishe ta, ta zuba sauran ƙarfin a Kemistiri da Fiziks, ta nemi cin komai a zama ɗaya. Foda Mas a wurinta na marmari ne, sai in tana jin daɗinsa. Kuma in tana jin daɗinsa kada wani ya ce mata ba na mata ba ne.

Ɗan gidan kasuwa da ake sa ran ya riƙe shago a Kasuwar Gumi ko ya karanci Akanta: kamashal, tare da atisayen sauri don JAMB. In Tattalin Arziki yake nufi kuma makaranta ta yarda, zama a ajin Foda Mas ko da ba zai rubuta ba zai yi masa rana.

Mai son lauya, harshe ko addini da gaske: at, amma a riƙa duba littafin lissafinsa kamar yadda ake duba na ɗan kimiyya, har sai C6 ta shigo hannu.

Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayi, ya kwance rediyo ya ɗaura, allo kuma na sa shi barci: ku kai shi ya ga Malali, ku bar shi ya yi magana da ɗaliban can kafin ku yanke.

Wanda ya faɗi tambayoyin gida kuwa, kowane aji za a kai shi, dogon hutun da ke tsakanin BECE da SS1 na gyaran tushe ne. A samo masa mai koyarwa mai haƙuri, ko yayarsa ce, su koma kan haddar sau, raba lamba, rabi da sulusi da rubu'i, kashi cikin ɗari, da lambobin ɗebewa, awa ɗaya kullum da littafin aji biyar da shida na firamare. A sake yi masa tambayoyin a makon da za a koma makaranta, sannan a cike takardar zaɓin aji.